Na'urar da Na Lulluɓe da Zane

A ƙarshen shekarun casa'in ina sakatare a wani buro, wato ofis, na manoman rani a Birnin Konni. Aikina rubuta sunan kowane manomi da lambar filinsa. Da za a ba mu ordinatar, wato kwamfuta, biyu aka kawo. Wanda ya zo haɗa su, wani siririn mutum daga Yamai, ya ja waya tsakaninsu, ya ce duk abin da na rubuta a ta farko zai shiga ta biyu da kansa, in ta farko ta mutu ta biyu ta karɓi aiki nan take. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada a kashe ko ɗaya.

Na ce to, amma a zuci na raina wayonsa. Ni a gidanmu na tashi ana adana sabon abu. Ga na'ura ta biyu sabuwa fil tana huci tun safe har la'asar, ba mai taɓa ta. Mako biyu na daure. Sannan na kashe ta, na ari zanen matata na lulluɓe ta, ina jin kaina gwanin tattali. Takardun da na gama kwafewa kuwa, mai ƙosai ta ƙofar buro nake ba.

Cikin watannin nan wata tsohuwa ta zo daga wajen Bazaga. Mijinta Malam ya rasu, ƙannensa suna harin filinsa, amma ya bar takarda da dangwalen yatsansa cewa a mayar da filin da sunanta. Na shigar a gabanta, ta bar mini takardar, ta sa mini albarka ta tafi.

Ranar da wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona ta farko, ko gezau ban yi ba. Na yaye zanen ina murmushi, na kunna ta biyu. Ta tashi lafiya lau, ba ƙura ko kaɗan. Sai dai saninta ya tsaya a ranar da na kashe ta. Filin tsohuwar yana nan da sunan mamaci.

Bayan kwana uku tsohuwar ta dawo neman shaida, don ƙannen sun kai ƙara. Na yi ta kame-kame, ina ɗora wa wuta laifi.

"Ɗana, ba gabana ka rubuta ba?" in ji ta. "To ba ni takardar Malam, in kai ma alƙali da hannuna."

Na leƙa ta taga. Mai ƙosai tana naɗe wa wani ƙosai a takarda, man suya ya jiƙe rubutun. Ta Malam ta daɗe da bin wannan hanya. Tsohuwar tana tsaye, hannunta a miƙe, tana jira.