Takardar da Na Kai Gidan Kaka a Tsibiri

Ana idar da sallar asuba muka bar Sabon Gari na Maraɗi, ni da wani abokina mai mota, da takarda a aljihuna. Yayana ne ya rubuta ta da Hausa saboda liman da mai unguwa su yi shaida: magada sun amince a sayar da gidan kakanmu na Tsibiri, a rushe shi a yi shaguna. Saura yatsa biyu, na baffana da na gwaggota.

Jiratawa muka fara, wurin Baffa. Hanya cike da 'yan kabu-kabu ɗauke da buhunan zogale, ba ka ganin direba sai ƙafafunsa. Muka karya da waina ta dala arba'in, abokina ya rantse ta fi ta Maraɗi girma, amma haka ya ƙara ta dala ashirin. Baffa bai tambayi komai ba. Na ce masa takardar gyaran gida ce, ya dangwala yatsa, har ya ba ni tsarabar albasa.

Da hantsi muka iso Tsibiri. A hanya na cika abokina da labarin gidan. Kaka ya gina shi da cinikin gyaɗa: zaure uku, soro mai rufin azara, rumbuna a baya. Maza ya tura lakwal, wato makarantar boko, mata ya ce ɓarar gyaɗa ta ishe su ilimi. Da ya rasu kowa ya watse, jemagu suka gaje soron, sai ƙungiyar unguwa ta ari gidan ta mai da shi wurin koyon karatun manya. Yanzu kekunan ɗinki ne a zauren farko, baƙin allo kuma a soron da muna yara ko tari ba mu isa mu yi a cikinsa ba.

A sahun gaba na ga Gwaggo, da alli a hannu, mata kusan talatin a bayanta. Ban san tana zuwa ba, don rabona da ita tun sallar bara. Na durƙusa na gaishe ta, na maimaita abin da na gaya wa Baffa, na buɗe mata tawada.

"Aje wannan, ɗan nan," ta ce. "Miƙo in gani. Yanzu ni ka karanta abina."

Ta bi layi da yatsa, gaɓa-gaɓa, a fili. Ta fi minti biyar, ni kuwa ina durƙushe. Da ta kai kan "sa-yar-wa" ta ɗago kai ta dube ni. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ninke takardar ta ba ni, ta ce, "Sa'ad da kake lakwal ni ka dama maka fura. Ashe abin da ka koyo ke nan." Ta koma kan allonta.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. A hanyar dawowa na roƙi abokina muka zarce Jiratawa, na zauna gaban Baffa na karanta masa takardar yadda take, sannan na yage ta. Sai la'asar na shiga gida.

Abin da tafiyar ta koya mini kaɗan ne, kuma mai ɗaci: shekaru goma sha shida na yi ina karatu, ranar da na fi amfani da shi kuwa, tsofaffina na je cuta.