Ranar da Mannir Ya Hana Wasa

Duk wanda ya shiga injin casar shinkafa na bakin hanyar Jabo a Tambuwal zai ga Mannir, dogo, marar yawan magana, ƙaiƙayi ya yi masa fari a gira. Shi ne shugaban ma'aikata, kuma wallahi ya iya. Sai dai ba da iyawar ya fara ba, koyon kuwa ya ci masa abu mai tsada.

Daga Kebbe suka zo neman aiki a kan babur ɗaya, shi da Na'iya ɗan kawunsa. Ɗaki guda suka kama, kwano guda suke ci. A duk garin, Mannir ba shi da kowa sai Na'iya. Taubasai ne, kuma tunda Na'iya ɗan namiji ne, Mannir ɗan mace, a wasan da aka gada Mannir bawansa ne. Bakin Na'iya ba ya hutawa. Ya tsokane shi kan tsawonsa, kan cin tuwonsa, kan yadda yake minshari. Mannir sai dai ya yi murmushi, don wannan tsiyar ce ke sa ya ji kamar yana gida.

Da mai injin ya ɗaga Mannir ya zama shugaba, sai ya tura shi Sakkwato kwas ɗin masu kula da ma'aikata. An koya musu abubuwa masu kyau: ka saurari na ƙasa da kai, ka raba aiki da adalci, in za ka yi wa mutum gyara ka ja shi gefe. Mannir ya ji duka. Amma tsoro ya cika masa ciki, kar a raina shi, ga dattawa sa'annin babansa a ƙarƙashinsa.

Wata safiya yana tsaye yana raba aiki, Na'iya ya shigo a makare, ya dube shi sama da ƙasa, ya ce ashe bawansa ya zama oga, to maza ya zo ya karɓi takalman ubangidansa. Wuri ya kaure da dariya. Haba, ai abin da za a rama ne da wata tsiyar a wuce, ko liman aka yi wa haka. Mannir kuwa ya haɗe rai.

"Nan wurin aiki ne," ya ce. "Ba ni da taubashi a nan."

Na'iya ya sunkuya ya ɗauki buhu. Kafin mako ya zagayo ya kwashe kayansa ya koma ɗakin wasu 'yan Sanyinna.

Mannir ya bi shi ya ba shi haƙuri, Na'iya ya ce babu komai, gaskiya ya faɗa. Daga nan bai sake makara ba, bai sake wasa ba. Mannir kuwa ya gyaru. Ya daina yi wa kowa faɗa a bainar jama'a, yana tambayar dattawa shawara, in matar wani ta haihu shi ke fara zuwa barka. Ma'aikata suka so shi, mai injin ya yaba. Amma in an tashi, shi kaɗai yake cin tuwonsa a ƙofar ɗaki, kuma kaɗaicin yana cinsa, ba ya ɓoye wa kansa.

Bara da kaka, ya hangi Na'iya shi kaɗai yana shanya shinkafa a bayan injin. Ya daɗe yana haɗa maganar a ransa kafin ya ƙarasa. Ya ce masa wane irin ubangida ne wannan, ga bawansa tsaye ya bar shi ba ko goro.

Na'iya ya ajiye manjagarar, ya goge hannu a riga, ya ɗan rusuna.

"Ranka shi daɗe, akwai aikin da zan yi?"

Mannir ya ce babu. Ya juya ya koma wajen buhuna.