Lasin Maigidana a Cikin Fata

Mun tashi da asubar Litinin daga Adabka, ni da babban ɗana, kwana tara bayan na fita takaba. Ban iya rubutu ba, faɗi nake ana rubuta mini.

Bindigar toka ta maigidana ce ta fitar da ni. Bayan rasuwarsa ma'aikatan hukuma suka zo suka ɗauke ta, wai an soke lasinta don shekara huɗu ba a sabunta ba. Ita ke kore mana aladun daji daga gona, ga dawa ta fara ƙosawa. Aka ce a Gummi ake ɗaukaka ƙara.

Mun shiga bayan akori-kura, naira ɗaya kowa, tare da awaki uku da suka fi mu samun wurin zama. Sau biyu maza suka sauka turi. A bakin gulbi wata Bafillata ta dama mini fura ta kwabo goma. Da ta ji wanda ya rasu ta ƙi karɓa, ta ce ya taɓa kashe musu kura. Na yi kuka a gaban mutane.

A ofis jami'in ya ce, "Inna, ina lasin?"

Na kwance bakin zane na miƙa masa. Tun tuni marigayi ya kai wa baduku takardar ya ɗinke ta cikin jar fata kamar laya, don kada gara ko ruwa su taɓa takardar hukuma.

Jami'in ya juya ta yana murmushi. "Inna, ta ina za a buga hatimi?"

Ya sa reza ya farke. Takardar fes, har da hoton maigidana da hularsa a karkace. Ban san yana da hoto a duniya ba.

Ya ce ba a gadon lasin. Sai dai ɗana ya nemi nasa, in ya fito a ba shi bindigar, amma sai bayan kaka. Na roƙa, ya ce ba a hannunsa take ba. Na ce to takardar fa? Ya turo mini ita.

Mun iso gida da la'asar ta Talata. Aladu sun shiga gefen gona, yanzu da gwangwani muke korarsu. Na gane takardar hukuma so take a riƙa kai ta ana gani, adana ta ne ya kashe ta. Ɗana ya ce a mayar wa baduku. Na ce a'a, a bar mini fuskarsa a buɗe.