Zabuwar da na shuka a Badariya

A Zauro na tashi, gidan manoman shinkafa, inda duk abin da aka sa a ƙasa ruwa yake so. Da aure ya kawo ni Badariya a Birnin Kebbi na zo da wannan tarbiyyar, kullum da safe ina bin tukwanen shuke-shuken tsakar gida da bokiti.

Wata shekara bayan sallar layya muka je Gulma gaishe da gwaggon maigidana, tsohuwa mai noman albasa. A bayan ɗakinta, kan wani tudun tsakuwa, na ga wata shuka mai kaurin ganye, da ƙaya a gefe da ɗigo-ɗigon fari a jiki. Ta ce zabuwa ake ce mata saboda wannan zanen. Irin da ake gani a gidaje 'ya'ya take fitarwa a gindi, a ɓalla a dasa, amma wannan ba ta yi. Mijinta ne ya samo ta a wani dutse can arewa tun yana fatauci, kuma ba ta ƙara ganin irinta ba. Sai dai a shuka ƙwayarta. Ta kwance bakin zanenta ta ba ni 'yan ƙwayoyi baƙaƙe, marasa nauyi kamar ƙaiƙayi.

Da muka dawo na samo ƙasar fadama mai kyau, na cakuɗa da takin awaki a tukunya, na zuba rabin irin. Safe da yamma ina ba su ruwa. Bayan mako biyu tukunyar ta yi gansakuka kore shar, har na fara murna, sai maigidana ya leƙa ya ce shi dai bai ga zabuwa ba, amma in na daɗe kaɗan zan iya sa kifi.

Ranar wata Juma'a na bi motar Argungu na koma wurin Gwaggo. Ta gama sauraro tana tsinke albasa.

“Mi kinka ba su?”

“Ruwa da taki, Gwaggo.”

“To, kin kashe su da alheri, ɗiyata.”

Ta ce in ɗebi yashin bakin gulbi mai tsakuwa, in wanke, in haɗa da dakakken gawayi, in sa a kaskon da gindinsa ya huje. In barbaɗa ragowar irin a sama, kada in binne. Ruwa kuwa da tsintsiya zan yayyafa, sannan in ajiye a inuwa in nemi wani aikin yi.

Neman wani aikin ya fi komai wuya. Sau biyar a rana nake zuwa in tsuguna a gaban kaskon. A mako na uku na ga wasu 'yan koraye sun leƙo, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba. Na ƙirga goma sha ɗaya. Kazar maƙwabciyata ta shigo wata rana ta yi tonon da ya rage su zuwa shida, daga nan na kife musu tsohuwar rariya.

Mahaifina ya zo asibiti duba ido ya sauka gidanmu. Na nuna masa su da alfahari, a lokacin sun yi wata takwas, tsawonsu bai wuce ɗan yatsa ba. Ya daɗe yana kallo, ya tambaya ko ana ci. Na ce a'a. Ya ce a wata takwas shi ya yi girbi biyu, amma Allah ya ba da sa'a. Da zai tafi na kama shi yana tsiyaya musu ragowar ruwan butarsa, don ya ga ƙasar ta bushe ya ji tausayinsu.

Da damina na riƙa jan su ƙarƙashin rumfa, da bazara kuwa, lokacin da darbejiyar ƙofar gida ma ke laushi, su ko a jikinsu. Ganyen ya yi ja-ja ya ɗan tsuke, ruwan fari yana sauka suka koma kore. A shekara ta huɗu guda ɗaya ta fitar da dogon kara, ya yi fure ja mai ruwan lemo. Ƙananan tsuntsaye masu siririn baki suka riƙa zuwa shan ruwan furen, muna karin kumallo muna kallonsu.

Labari ya zaga unguwa. Mata suka fara aiko a ba su ganye, wannan ta ƙone da mai, waccan za ta shafa a kai. Maƙwabciyata mai kazar nan ta zo da kanta, za ta yaye ɗanta, tana so ta shafa ruwan ganyen a nono don ɗacinsa. Na yanka mata rabin ganye. Kwana biyu ta dawo tana dariya, ta ce yaron ya yamutse fuska sau ɗaya, ya goge da hannun rigarsa ya ci gaba da sha. Na yanka mata ɗaya rabin.