Abawar likkafanin Kaka

Shekara uku Kaka ta yi tana kaɗin audugar likkafaninta. Ta ce ba za a naɗe ta da farin kanti ba. Ina aji biyu a ƙaramar sakandare ciwo ya kwantar da ita, hannun damanta ya daina riƙe mazari. Tsohon masaƙin da ke saƙa mata a Dandin Mahe ya aiko cewa abawar da ta kaɗa ta ƙare, saura kamu shida a gama saƙar.

Inna tana jinya, sai ni aka aika kasuwar Shagari. "Ki sawo mai kauri irin na Kakarki," in ji ta. Na manta ban ɗauki guntun abawar Kaka in gwada ba.

A rumfar mai zare na tarar da fari iri biyu cikin leda, ɗaya an rubuta 10, ɗaya 20. Maza huɗu suna zaune a bencin gaba suna gardamar albasa. Tambaya tana bakina, ta ƙi fita. Na ce a raina ai ashirin ta fi goma. Na nuna mai 20 da yatsa, aka miƙo mini.

Washegari na kai wa masaƙi. Ya tsinko kaɗan, ya naɗa a jikin kara daidai faɗin farcensa, yana ƙirga zagayen. Sha bakwai. Ya naɗa ragowar na Kaka. Sha biyu.

"Ɗiyata, wa yac ce ki sawo wanga?"

"Baba, na ga lambarsa ta fi girma."

"Ku 'yan boko da son babbar lamba! Lambar ga tsawo taka faɗi. Auduga guda, in anka ja ta ta yi tsawo, sai ta sirance. Goma shi ad da kauri. In na saƙa da wanga, ƙarshen likkafanin ya zan kamar rariya."

Mai zaren ranar kasuwa kawai yake zuwa, saura kwana shida. Da safen nan na ga Inna ta ɗiga wa Kaka kunu da cokali ya dawo ta gefen baki. Na tsuguna kusa da ramin saƙa, hijabina ya jiƙe da hawaye.

Can ya ce, "Ki bar kuka. Biyu na ashirin in anka murɗe su tare, goma na. Kin iya mazari?"

Ban iya ba. Kallo kawai na sha yi.

Na koma gida na ɗauko mazarin Kaka da allinta daga cikin ƙwarya, na zauna a bayan rumbu. Na haɗa bakin zare biyu na murza. Ya harɗe. Na warware, ya tsinke. Na tuna tana shafa alli a yatsu kafin ta murza, na shafa. Duk tarin da na jiyo daga ɗakinta sai hannuna ya tsaya, in saurara ko Inna za ta yi salati. Kwana biyu ban je makaranta ba, babban yatsana ya tashi ya fashe. Ina ta naɗawa a kara ina ƙirgawa: sha huɗu, sha uku, wani wuri sha ɗaya. Da na fara samun sha biyu a jere ban tashi ba sai da aka kira la'asar.

Na kai wa masaƙi zaren. Ranar Laraba ya kawo likkafanin da kansa. Inna ta shimfiɗa wa Kaka a ƙirji. Idonta a rufe, ta bi shi da hannun hagu a hankali, har yatsunta suka kai wurin da nawa ya fara. Suka tsaya.

"Wanga ba kaɗina ba ne."

Na ji kamar in nutse. Na matsa kusa da kunnenta na faɗa mata komai, har lambar.

"Ke kinka murza?"

"Ni ce, Kaka."

Ta sake shafawa. "Murzarki da gargada, 'yar nan." Ta huta, ta ja numfashi. "A sa gefen naki wajen kai."

Ranar Juma'a da hantsi aka naɗe ta da shi.