Hotuna Takwas a Hanyar Guri

Ba ni da hoton matata ta fari, kuma ba laifin kowa ba ne sai nawa.

A lokacin ina malamin daji na hukumar En'e a Haɗejiya, saura 'yan shekaru Turawa su tafi. Wani Bature da muka yi aiki tare zai koma ƙasarsu, ya bar mini kyamararsa, wani baƙin akwati mai ɗaukar hoto takwas kafin a sake fim, fim kuwa sai an je Kano. Shi ya koya mini kallon tsuntsaye, ni kuwa na ɗauki abin da zafi har abokai suka laƙaba mini sarkin balbela. Duk wanda ya ce in ɗauke shi hoto, sai in ce fim ba abin wasa ba ne. Matar tawa kuwa ba ta taɓa roƙona ba, kunya ba za ta bar ta ba.

Da cikinta na fari ya tsufa, aka ce ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, wani ƙauye gaba da Guri wanda ruwa kan zagaye da kaka ya koma tsibiri. Rakiya ba aikin miji ba ne, gwaggonta aka aiko. Amma na ji labarin gauraka na sauka a can, sai na ƙirƙiro aikin duba itatuwa na bi su.

Ranar da za mu shiga ruwa ta fito da zanen saƙi da ban san ta da shi ba, ga lalle ya kama raɗau, ga kwalli. Na yi ta tsokanarta, ko biki ake yi a cikin taɓo? Ta rufe baki da mayafi tana dariya.

Muna ratsa bado a kwalekwale, kirinjijiya suka tashi fal sama, na ɗauki biyu. Ta fi ni ido nesa ba kusa ba, don a fadamar ta girma. Ita ta nuna mini dinya a bayan ciyawa, ita ta hango kwasakwasa tun ina zaton farin tsumma ne. Duk sa'ad da na ɗaga kyamara sai ta gyara ɗankwali ta miƙe zaune. Na ɗauka bayanta ke ciwo.

Da muka isa gaɓar tsibirin ta ce, "Malam, saura nawa?"

Na ce saura ɗaya.

Ta sauka ta tsaya a gindin wata goruba, wai ƙafarta ta yi sanyi, tana fuskantata, hannuwanta a kan cikin. Can sai ga gauraka biyu sun sauko a bayanta. Na yi mata alama da hannu, na ce a hankali, "Ɗan matsa, kin tare mini su."

Ta matsa.

A zaure na gaida surukaina, na juyo da yamma. Bayan mako uku aka aiko mini: ta haifi mace, amma ita ba ta tashi ba. Kafin in isa an riga an kai ta.

Wurin gaisuwa gwaggon ta ja ni gefe. Ba da faɗa ta yi maganar ba, da ma ta yi faɗan. Ta ce zanen nan aro ne, kuma tun a Haɗejiya yarinyar ta gaya mata tana tsoron haihuwar, tana so ko da wani abu ya faru abin da ke cikinta ya san fuskarta. "Na ce ta gaya maka, ɗan nan. Ta ce ai za ka gane."

Hotunan sun iso daga Kano bayan sadakar arba'in. Yawancinsu ɗigo-ɗigo ne a sama, sai na ƙarshen, wanda ya fito tas, har gashin kan gaurakan ana iya ƙirgawa. Na duba gefe-gefensa har idona ya yi ja. Ko inuwarta babu, ta matsa da nisa kamar yadda na ce.

Shekaru sun ci fuskarta a raina kaɗan-kaɗan, sai muryar ta rage. Wannan ya fi komai yi mini ciwo. Ranar da 'yarmu ta haifi nata ɗan fari, ta tambaye ni, "Baba, wai da gaske ina kama da ita?"

Na ce mata ƙwarai kuwa. Wallahi ban sani ba.