Dungar Singh, Mai Gadin Lambar Innarmu

Kullum kafin motar farko ta gangaro daga kan dutse, Dungar Singh Karki ya riga ya buɗe shagonsa, ya yi shara, ya ɗora shayi a kan risho. Shagon ma sunan shago kawai ya ci: tebur ɗaya, benci ɗaya, da caja birjik rataye a ƙusa. A nan yake sa wa mutane kati, ya yi musu caji, ya karanta wa tsofaffi saƙonnin da suka shigo wayoyinsu. Shekara goma sha tara ke nan. Watan gobe zai rufe domin idanu sun ƙi, ni kuwa na kasa barin abin ya wuce shiru.

Gara in faɗa tun yanzu, bakinsa ba daɗi. Duk wanda ya karɓi waya a hannunsa sai ya sha huɗuba: "Kada ka miƙa wa baƙo wayarka. Lambobin da suka shigo ta saƙo, ko surukinka kada ka karanta wa. Yatsan nan naka kuma ba na dangwala wa kowace na'ura ba ne." Muna samari har kwaikwayonsa muke yi a bayan idonsa.

Yana da dalili. A kwarinmu sabis ɗin kamfani ɗaya ne kawai ke kamawa. 'Yan tallan wasu kamfanonin kuwa ba ruwansu da wannan. Su karɓi wayarka, su danna, ka dangwala, bayan kwana biyu an mayar da layinka wajensu. Lambar tana nan yadda take, amma wayar ta zama dutse.

Ƙanena Kundan ya bar gida shekara tara da suka wuce, bayan sun yi cacar baki da Babanmu a kan wata 'yar gona. Baba ya rasu ba su shirya ba. Ba mu san garin da Kundan yake ba, kuma lamba ɗaya tak ya haddace a duniya, ta innarmu Bachuli, don shi ya saya mata layin a wannan shagon. Tun ranar da ya tafi take ƙulle wayar a bakin mayafinta, ko yankan ciyawa za ta je.

Bara waccan wani yaron talla ya hau har gidanmu. Mu kuwa wanda ya hawo dutsen nan ba a sallamarsa sai ya sha shayi da guntun mazarƙwaila, kuma wanda ya sha shayinka ba ka ce masa a'a. Ya roƙi wayar, ta ba shi. Ya roƙi yatsa, ta dangwala. Ya bar mata lema ja kyauta ya tafi.

Washegari maƙwabciyarmu Khimuli, mai kai madara kasuwa, ta shiga shagon da irin lemar tana taƙama. Tambaya biyu Dungar ya yi mata. Da ya ji yaron ya biya gidan Bachuli, sai ya rufe shago da rana tsaka, ranar kasuwa, ya kama hanya da gwiwar nan tasa mai ciwo, domin kwana ɗaya ake bayarwa na soke sauyin. Awa uku yana hawa. Khimuli ce ta ba ni labarin, tana biye da shi.

"Yaya Bachuli, ina wayar?"

"Kai ko gaisuwa babu?"

"Gaisuwa tana nan, ba ta gudu. Kin ba da layin Kundan a kan lema!"

"Ni? Yaron ya ce kyauta ce. Yaro mai ladabi, har ƙasa ya gaishe ni."

"Ai dole ya gaishe ki. Kawo nan, tsohuwa."

Ya ja ta zuwa dutsen da ke bayan ɗakin bauta, inda sabis ya fi kamawa, ya aika saƙon sokewa, ya tsaya da wayar a sama yana haki. Da amsa ta shigo, Inna ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. Ta ce, "Da ya kira ya ji a kashe, cewa zai yi na mutu. Ko ya ce na sallama shi." Dungar bai lallashe ta ba, bai iya ba. Cewa ya yi ta tashi ta ba shi shayin da ta iya ba 'yan damfara.

Kawu Dungar, kai ne ka tsare ƙofar da mu 'ya'yan gida muka tafi birni muka bari a buɗe. Ina can Delhi ina aiko da maganin tari da rigar sanyi, ina ganin na cika ɗa, ashe abin da ya fi mata komai yana hannunka. Ina kewar bencin nan naka, da faɗanka, da shayinka mai shegen zaƙi. Ina kewar ƙanena fiye da yadda nake yarda in faɗa a gaban Inna.

Na gode, Kawu, da bakina da na duk gidan da ka hau dominsa ba a aike ka ba. Ku kuma da kuke da tsofaffi a gida, ku zauna da su ku maimaita musu huɗubarsa har su gaji da ku, don daga watan gobe babu mai yi musu ita.

Kundan bai kira ba har yau. Amma duk ranar da ya kira, lambar za ta shiga.